Yadda Ake Zaga Gaɓar Tekun Gana da Jakar Goyo, Daga Cape Coast Zuwa Busua

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya san zafi, amma busasshen zafi ya sani. Ka wanke riga da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙarau. A gaɓar tekun Gana abin ya sha bamban. Ma'aunin zafi bai cika wuce 32 ba, sai dai iskar jiƙe take da laima, sau da yawa sama da kashi 80 cikin 100. Gumi ba ya bushewa a jiki, wanki ya kwana a igiya da danshinsa, ƙaramin ciwo ma ya daɗe bai kame ba. Ga kuma teku, wanda iya iyo a kogi ko kududdufi ba ya wadatarwa a cikinsa. Laima da teku sun fi ɓarawo da ɗan damfara ɓata wa baƙo tafiya, don haka a kansu ya kamata ka gina shirinka tun daga gida.

Kwana bakwai zuwa goma sun isa a ga Cape Coast da Elmina da dajin Kakum, sannan a gangara yamma a huta a Busua.

Lokaci da takardu

Damina biyu ake yi a kudancin Gana. Babbar tana farawa wajen Afrilu ta kai Yuli, ta fi ƙarfi a Mayu da Yuni. Ƙaramar tana zuwa tsakanin Satumba da Nuwamba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris ne hanya ta fi daɗi, hunturu yana ɗan sauko da laimar, wanki yana bushewa. Sai dai Disamba akwai tsada da cunkoso, musamman tun 2019 da gwamnatin ƙasar ta gayyaci baƙaƙen fatar Amurka da sauran wurare su zo ganin tushensu. Mai ƙaramin guzuri ya jira tsakiyar Janairu. A Agusta gari yakan yi sanyi-sanyi da lumshi, amma teku ya fi haukacewa a watannin. Idan biki kake so, Elmina tana yin Bakatue ranar Talatar farko ta Yuli, Cape Coast kuma tana yin Fetu Afahye ranar Asabar ɗin farko ta Satumba. A irin waɗannan ranaku sai ka kama ɗaki tun da wuri.

Mai fasfon ECOWAS yana shiga Gana ba biza, ya zauna har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, saboda haka ɗan Nijar ya leƙa ofishin jakadancin Gana ya ji halin da ake ciki kafin ya sayi tikiti. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne, kuma allurar sai ta kwana goma kafin a lasafta ta, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Ka ɗauki hoton fasfo da katin a waya, ka kuma yi kwafi biyu na takarda ka raba musu wuri.

Ta mota daga Legas iyakoki uku za ka ƙetare: Seme zuwa Benin, Hillacondji zuwa Togo, sai Aflao zuwa Gana. Nisan Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma jiran kan iyaka yana iya cinye wuni guda. Ka tabbata an buga maka hatimin shiga da na fita a kowace iyaka. Mai cewa ka kawo wani abu ya tsallakar da kai ba hatimi, wahala yake sayar maka, domin ranar dawowa za a tambaye ka ta ina ka shigo. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Daga Akra ana hawa motar Cape Coast a tashar Kaneshie. Kilomita 150 ne ko ƙasa kaɗan, awa uku idan hanya ta yi kyau, fiye da haka idan cunkoson Kasoa ya riƙe ku. Ka fita da asuba. Hanyar ta bi ta mararrabar Winneba da Mankessim da Saltpond, kuma ta yi ƙaurin suna wajen haɗari, ban ga dalilin da zai sa mutum ya bi ta da dare ba.

Jaka da abin da ke cikinta

Jaka mai cin lita 35 zuwa 40 ta isa, nauyinta kada ya wuce kilo 8 zuwa 10 da komai da komai. Dalilin a tasha yake. A ƙananan bas ɗin da suke kira tirotiro, jakar da ta zauna a cinyarka kyauta ce kuma tana gaban idonka. Wadda ta fi haka girma sai but ko saman mota, a caje ka kuɗin kaya, ruwan sama ko ruwan kifin wani ya jiƙa ta. Ka zaɓi mai ɗamarar ƙugu mai kauri. Idan za ka goya, ka fara ɗaure ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, sannan ka ja maratayan kafaɗa. Ƙugu ne zai ɗauki yawancin nauyin. Idan ka ji kafaɗa na ciwo bayan rabin awa, ɗamarar ce ta yi sako-sako ko ta hau ciki.

Kafin ka sa komai, ka shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikin jakar, irin ta zuba shara, kaya su shiga cikinta a murɗe bakin. Rigar ruwan da ake sayar da jaka da ita ba ta hana ruwa bi ta bayanka ya shiga. Abu mai nauyi ya zauna a tsakiya, manne da baya. Abin da za ka nema a hanya, kamar ruwa da tocila da magani, ya zauna a sama.

Tufafi: riguna uku marasa kauri, wando biyu masu sauƙi, kamfai huɗu, riga ɗaya mai dogon hannu don sauron yamma, da jallabiya ko yadi mara nauyi don Juma'a. Shadda mai sitaci ta zauna a gida, laima za ta kashe ta cikin awa guda. Wandon jins ma haka, in ya jiƙe sai ya kwana biyu bai bushe ba. Mata su nemi dogayen riguna da mayafi na yadi mai shan iska, su bar masu roba-roba da ke manne wa jiki. Zani ɗaya na atamfa yana aikin tawul da mayafin kwanciya da abin shimfiɗa a rairayi, kuma ya fi tawul saurin bushewa nesa ba kusa ba. Takalmi biyu: sandal mai maɗauri a dunduniya, da silifas na wanka. Takalmin fata fumfuna yake yi cikin 'yan kwanaki.

Sauran su ne gidan sauro na mutum ɗaya, igiya mita shida da za ta rataye shi ta kuma zama ta shanya, ƙaramin kwaɗo, hula mai baki, tocilar goshi, da batirin cajin waya mai ƙarfin 10,000 zuwa 20,000, domin ana ɗauke wuta. Soket ɗin Gana mai baki uku ne irin na Najeriya. Wanda ya fito daga Nijar da caja mai baki biyu zagayayyu ya sayi mahaɗi.

Gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfe. Zif ɗin jaka yakan cije, bakin cajin waya ya yi tsatsa. Ka riƙe waya a leda mai zugewa idan kana bakin ruwa, ka riƙa ɗauraye zif da ruwan daɗi kana goga masa ɗan kyandir. Wanki kuma da sassafe ake yi, a matse sosai, a shanya a igiya cikin rana da iska. Kada ka shanya a ƙasa ko a kan ciyawa. Akwai wani ƙuda a wannan yanki da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufafi, tsutsar ta huda fata ta zama kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Guga mai zafi tana kashe ƙwan. Idan ta riga ta shiga, a toshe ramin da basilin ta rasa iska ta leƙo, a cire ta a asibiti, kada a tsaga da reza.

Kuɗi da masauki

Sidi, kuɗin Gana, ake kashewa. Ka canza kaɗan a Aflao don mota da abinci, sauran a shagon canji mai rajista a Akra ko Cape Coast, ka ƙirga a gaban mai shagon. Kada ka dogara da katin banki kaɗai. Ka raba kuɗin gida uku: na kashewar yau a aljihu, babban rabo a lalita a jiki, na ko-ta-kwana a ƙasan jaka. Ka riƙa tara canji, don yaron mota da mai koko ba sa son babbar takarda da safe. Tasi iri biyu ce, ta haɗaka mai tsayayyen farashi da ta shata. Idan ka shiga ba ka ce komai ba kuma motar ba kowa, direba zai ɗauka shata ka yi, don haka ka tambaya kafin ka rufe ƙofa.

Kada ka biya kuɗin ɗaki sai ka gan shi. Ka kunna fanka, ka buɗe famfo, ka duba ragar taga ko ta yage, ka ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa ko akwai ɗigon baƙi na kuɗin cizo. Ɗaki mai taga biyu da iska ke ratsawa ya fi mai na'urar sanyaya ɗaki da taga ɗaya, domin da an ɗauke wuta na biyun ya zama tanda. Warin fumfuna da ka ji da shigarka ba zai tafi ba, kayanka zai kama. Masaukan da ke bakin ruwa sun fi tsada kuma wasunsu da mashaya da kiɗa har tsakar dare, ka tambaya tun da rana. Biyan kwana ɗaya tukuna ya fi, in wurin ya yi maka sai ka nemi ragi a kan sauran kwanakin.

Akwai Zango a kusan kowane babban gari na Gana, kuma Hausa ce harshen cikinsa. A Cape Coast ka nufi wajen kasuwar Kotokuraba. Ka yi sallah a masallaci, ka gaisa da liman da dattawa, ka faɗi daga inda ka fito. A nan za ka ji masaukin da ya dace, mahaucin da ake yarda da yankansa, da unguwar da ba a bi da dare.

Teku

Nan ne ya kamata ka fi nutsuwa. Gaɓar nan tana kallon buɗaɗɗen Tekun Atlantika, ba abin da ke tare igiyar ruwa, kuma a yawancin wurare babu ma'aikacin ceto. Ƙasan ruwan yana gangarawa da sauri, taku uku daga inda ruwa ke gwiwa sai ka ji ba ƙasa.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne ruwa mai ja. Igiyoyi suna tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma dole ya koma, sai ya sami wata 'yar kafa tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi ya bi ta da gudu zuwa ciki. Gudunsa yana iya wuce mita biyu a daƙiƙa, wanda ko gwanin iyo na duniya ba ya iya kai wa. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya. Ka hau ɗan tudu ka kalli ruwan minti goma kafin ka taɓa shi. Inda ka ga igiyoyi suna fashewa fari fat dama da hagu, amma a tsakiya akwai wani zirin da ya yi duhu ya kwanta lumui, ko ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito, to nan ne kafar. Baƙo yakan zaɓe ta don ya ga ba igiya. Haka kuma gefen duwatsu da bakin da tafki ko kogi ke shiga teku, kamar bakin Benya a Elmina.

Idan ya ja ka, kada ka yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ruwan ba ya jan mutum ƙasa, ciki yake kai shi, kuma ƙarfinsa yana mutuwa a bayan inda igiyoyi ke fashewa. Ka kwanta rigingine ka yi numfashi, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. In kana da ƙarfi ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga zirin, wanda sau da yawa bai fi faɗin mita 10 zuwa 30 ba, sannan ka bar igiyoyi su turo ka. Idan wani ne ya shiga, kada ka bi shi hannu rabbana. Ka jefa masa jarka ko wani abu mai iyo, ka ƙwala wa masunta kira. Lambar gaggawa a Gana 112 ce.

Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙwauri ba, fuskarsa na kallon teku, domin igiyar da ke kayar da mutum ta baya take zuwa. Kada a shiga da jallabiya ko doguwar riga mai faɗi, in ta sha ruwa nauyi take yi ta naɗe ƙafafu. Mace ta sa wando da riga masu kama jiki kaɗan daga ciki, da ɗan ƙaramin hijabi da ba ya rufe fuska in ya jiƙe. Yaro kuma kada ya fi nisan hannu.

Teku yana cikowa sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ruwa mai ja ya fi ƙarfi wajen janyewa. Masunta sun san wannan sarai, ka tambaye su inda 'ya'yansu ke wanka. A yawancin garuruwan nan ba a fita su ranar Talata, ranar ce za ka same su zaune suna ɗinkin taru, da lokacin hira. Ka yi sallama kafin ka ɗauki hoto, kada ka tsallake igiyar taru ana cikin ja. Rairayin da ke dab da unguwar masunta wasu na yin bahaya a kai, ka sa takalmi, ka yi wanka nesa da nan.

Lafiyar jiki

Ka sha ruwa lita uku zuwa huɗu a wuni, wato ledar ruwa shida zuwa takwas. Kalar fitsari ce ma'auni. Ruwan ɗanyar kwakwa da ake sarewa a gabanka yana da kyau ƙwarai. Idan gudawa ta kama ka, ka haɗa ruwa mai tsabta lita ɗaya da sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa kurɓa. In da jini ko zazzaɓi, sai asibiti. Zazzaɓin cizon sauro duk shekara ake yinsa a nan, kuma zuwa daga ƙasar sauro bai sa ka fi ƙarfinsa ba. Duk zazzaɓin da ya taso a yi gwaji a ranar.

Baƙar fata ma tana ƙuna a bakin teku, musamman hanci da kafaɗa da bayan wuya, ka nemi inuwa daga ƙarfe 11 zuwa 3. Kurjewar cinya daga tafiya cikin gumi ana riga ta da man kaɗanya ko basilin tun safe. Yankan dutse ko kwalba a wanke shi da ruwan daɗi da sabulu nan take, a fitar da yashi, a rufe, a daina shiga ruwa sai ya kame. A cikin duwatsu akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi, in ka taka ka jiƙa ƙafar cikin ruwa mai zafin da za ka iya jurewa na rabin awa, a cire ƙayar da ta fito da hantsaki.

Abinci da sallah

Da safe akwai koko da ƙosai, yawanci a hannun matan Zango, da waakye, wato shinkafa da wake da yajinsu baƙi mai suna shito. Da rana dokunun Fante da aka naɗe a ganyen ayaba, da soyayyen kifi. Ka ci inda layi yake kuma tukunya na kan wuta. Miyar gidan abinci kuwa ka tambaya, domin akan sa ƙafar alade ko naman daji. Kifi da wake sun fi kwanciyar hankali, nama kuma a Zango.

Alƙibla daga Cape Coast tana wajen digiri 64 daga arewa, kuma gaɓar ta miƙe kusan ta wannan fuskar, don haka in ka sa teku a damanka ka yi kusa da daidai, sai ka gyara da kamfas ɗin waya. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara kuma duhu ba ya jira, ka bar bakin ruwa kafin magariba.

Inda za a je

Sansanin Elmina Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Na Cape Coast ya faro daga ginin 'yan Suwidin na 1653, kuma garin ne hedikwatar mulkin Ingilishi har 1877 da aka koma Akra. Tsakaninsu kilomita 13 ne a tasin haɗaka. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Ka je da safe ka bi mai rakiya, ka riƙe ruwa, domin kurkukun ƙarƙashin ƙasa ba iska. Ka shiga da ladabin da ake shiga maƙabarta. Da yawa daga bayin da aka tsare a ɗakunan nan kafin a ƙetara teku da su daga arewa aka gangaro da su, wasu ta kasuwar Salaga, inda fataken Hausa ke zuwa sayen goro. A kan hanyar Kumasi akwai garin Assin Manso, inda rafin da ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa yake.

Kakum tana kilomita 30 arewa da Cape Coast. Gadojin igiya bakwai ne a saman itatuwa, tsawonsu kimanin mita 350, wani wurin sama da mita 30 daga ƙasa. Ka isa da buɗewa, a ranar aiki, kafin motocin 'yan makaranta.

Zuwa Busua sai ka hau motar Takoradi, daga nan ta Agona Nkwanta, sannan tasi zuwa bakin ruwa. Ka ciro kuɗi a Takoradi, Busua ƙauye ne. Gaɓarta shimfiɗaɗɗiya ce, ta fi ta Cape Coast sauƙin wanka, har ana koyar da hawan igiyar ruwa da allo, amma dokar kallon minti goma tana nan. Dixcove tana yamma da ita, Butre tana gabas kamar kilomita uku, kowacce da tsohon sansanin Turawa a kan tudu. Tafiyar ƙasa zuwa Butre a fara ta da safe lokacin da ruwa ke janyewa, rairayi ya yi tauri, a tafi mutum biyu ko da ɗan gari, a bar fasfo da yawancin kuɗi a masauki.

Ana gobe komawa ka daina shiga ruwa tun azahar, ka ɗauraye komai da ruwan daɗi ya bushe, abin da ya ƙi bushewa ya shiga ledarsa daban. Daga Busua zuwa Akra mota uku ce kuma wuni ne guda, saboda haka mai jirgi ko bas ɗin Legas ya kwana a Akra kafin ranar tashinsa.